Sayen Bakin Amarya a Zauren Waya

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Alhamis saƙon ya shigo. Mu biyu ne a tsakar gida, ni da maigidana. Ina bakin murhu ina suyar ƙuli-ƙuli, shi kuma yana zaune a tabarma yana sa wa fartanya sabuwar ƙota, domin hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan. Wayata tana kan taga, inda sabis yake kamawa a gidanmu. Hannuna duk mai, sai na ce ya danna mini.

Muryar Direba ce, ɗan ajinmu da yake jan bas tsakanin Makoda da birni.

"Jama'ar aji, a miƙe tsaye! Gwauron ajinmu ya shiga hannu. Kuma bai je farauta nesa ba, a cikin zauren nan ya yi ta. Tela ce. Asabar ta sama za a ɗaura."

Maigidana ya ɗago kai ya ce, "Ba su ne kullum nake jin suna faɗa ba?"

Na ce su ne.

Ya ce, "To ai shi ke nan." Ya ci gaba da dukan ƙotarsa. Ni kuwa abin da yake cikin kaskon ya ƙone.

Sai na koma baya kaɗan, domin ba na son labari a hargitse. Zauren nan na hira ne a waya, abin da yara suke kira guruf. 'Yan ajinmu na firamare ne a ciki, maza da mata. Ni a aji shida na tsaya, daga nan sai Islamiyya, sai aure. Sauran sun watse: wasu a Ungogo, wasu wajen Minjibir, wasu a birni, wasu tun ranar da aka sallame mu ban sake ganin fuskarsu ba sai a hoto. Yawancinmu da murya muke aika saƙo, domin rubutu yana ba mu wahala. Ni ce monita a aji, saboda haka da aka buɗe zauren ba a yi wata shawara ba, aka damƙa mini shi, kuma har yau Monita suke ce mini. Na sa doka tun ranar farko: ba siyasa, ba batsa, ba saƙo bayan sallar isha. Wanda ya karya in goge saƙonsa, in ya sake in fitar da shi ya sha iska.

Tela aminiyata ce, benci ɗaya muka zauna. Mijinta na fari ya rasu, ta yi takaba ta fita, amma kamar ba ta fita ba. In na je gidansu sai in tarar da ita gaban keken ɗinki, ba ta taka shi, ba ta tashi. Ni na roƙe ta ta shiga zauren, da ƙyar ta yarda. Ta daɗe tana saurare kawai. Wanda ya fara sa ta magana shi ne Mai Tumaki, ɗan ajinmu da yake kiwo da sayar da tumaki, wanda suka rabu da matarsa tun da daɗewa ya zauna haka nan. Wata rana ya sa hoton wani rago yana yabonsa kamar ɗan da ya haifa, sai kawai muka ji muryarta. Ta kira sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, yadda malaminmu yake yi in yana kiran suna da safe, ta ce, "Wai kai, ragon ne zai tuƙa maka tuwo?"

Ya ce, "Gara rago. Shi bai taɓa ɗinka wa mutum riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo ba."

Daga ranar ba su sake zama lafiya ba, kuma saboda su ne kowa yake buɗe waya. Ni da nake gadin doka ban ga komai ba sai faɗa.

An ɗaura auren Tela da Mai Tumaki ba hayaniya, kamar yadda ake yi wa bazawara. Mata muka raka ta garin ango, can wajen Minjibir, muka jera mata ɗaki, muka ci shinkafa, muka dawo kafin magariba.

Abin da ya fara canzawa shi ne sallamar safe. A da Mai Tumaki ne yake buɗe zauren, yana fitowa daga masallaci zai aiko da gaisuwa. Yanzu sai hantsi ya dubi ludayi. Direba bai bar wannan ta wuce ba.

"Ango, barka da rana! A da kai kake tada zakara. Yanzu zakara ya yi kira har muryarsa ta dushe."

Akwai wani a cikinmu da yake koyarwa a Ungogo, Malam muke ce masa. Ya shigo da muryarsa ta natsuwa: "Ku sarara masa. Aure rabin addini ne, bawan Allah yana kan ibada."

"To Malam, in rabi ya kai hantsi, ai cikon sai azahar."

Matan ma ba su zauna ba. Mai Waina, wadda take da baki kamar reza, ta ce ta ga sabon hoton ango, kumatu sun fito suna sheƙi, don Allah amarya ta faɗa musu wane turaren wuta take sawa, kuma me take zubawa a kunun. Ango yana dariya yana cewa hassada ce. Na bar waɗannan, domin wasa ne irin wanda ake yi wa kowane ango tun kafin a haife mu. Guda ɗaya ne Direba ya zarce, ya yi maganar ƙarar gado, na goge nan take, na ce masa ya yi hankali.

Abu na biyu, kuma shi ne babba, amarya ta yi shiru. Waya tana nuna mini ta saurari kowane saƙo, amma ko sallama ba ta amsawa. Da farko na ce amarci ne. Aka yi shuka, aka yi noman fari, gero ya kai gwiwa, shiru. Na kira ta, ta ce lafiya ƙalau. Ban yarda da lafiya ƙalau ta waya ba. Na nemi izini wajen maigidana, na ƙulla ƙuli-ƙuli da kwalbar man gyaɗa, na hau babur zuwa bakin titi, na shiga mota.

Na same ta a rumfa tana ɗinki, ta yi kyau, ta ciko. Muka gaisa, na sha fura, sannan na tambaye ta kai tsaye, domin ban iya kewaye-kewaye ba.

"Yana cutar da ke?"

"Haba Monita. Wallahi mutumin kirki ne."

"Ya hana ki magana a zaure?"

"Shi ne ma yake cewa in yi."

"To mene ne?"

Ta tsayar da keken. Ta ce, "Fita zan yi daga zauren. Na ɗauko wayar in fita ya fi a ƙirga, in kasa."

Na ce ta faɗa mini dalili.

"Da wane baki zan yi magana? Jiya ina kiran sunansa gatsal har da na ubansa, yau mijina ne. Ke kin taɓa kiran sunan naki a gaban mutane? Kuma duk mazan can yanzu abokan miji ne. In na yi dariya su ce amarya ta ji daɗi, in na tanka su ce ba ta da kunya. Direba yana maganar hantsi, ni ina nan ina jin kamar ƙasa ta tsage."

Ta shafa yadin da yake gabanta.

"Ga shi garin nan ban san kowa ba. In ya tafi kasuwa, ku kaɗai nake ji. In na fita, na koma irin zaman da kika same ni a ciki."

Na ce kada ta taɓa komai sai ta ji daga gare ni.

A mota na yi ta tunani. Ni a sanina, in abu ya karkace, akwai matakin da aka tsallake. Na bi auren daga farko. An kai gaisuwa, an ɗaura, an kai amarya, an jera ɗaki. A nan na tsaya. A garinmu in an kai budurwa ɗakinta, ba ta cewa uffan sai abokan ango sun zo sun yi ciniki da ƙawayenta, sun ajiye goro da alewa da turare. Wannan shi ne sayen baki. Bayan shi ne ake ba ta damar magana a gabansu, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ita ba a yi mata ba, domin an ce bazawara ce. Mu kuma abokan ango da ƙawayen amarya duk muna zaure ɗaya, kowa yana jiran ta buɗe baki haka kawai.

Kafin in yi komai na kira ango, domin matarsa ce. Na ce in ba ya so, a bar maganar.

Ya ce, "Monita, ki yi don Allah. A gida tana magana, sannu da zuwa, ga ruwa, ga abinci. Amma ta daina tsokanata. Ni kuwa wadda take tsokanata na aura."

Washegari da safe na yi sanarwa. Na ce ba a sayi bakin amarya ba, saboda haka daga yanzu ba macen da za ta sake magana a zauren nan sai maza sun zo ciniki.

Malam ya ce, "Monita, da girmanki. Ai ba a sayen bakin bazawara."

Mai Waina ta ce, "Nata ya fi tsada ma, ta san darajarsa. Wannan ce maganata ta ƙarshe."

Muka rufe baki. Ban taɓa zaton matan ajinmu za su iya ba, amma suka iya. Maza suka koma gaisawa da juna kamar a zaman makoki: ina kwana, ina gajiya, yaya damina. Direba ya gwada duk dabararsa. Ya ce wainar Mai Waina da tsakuwa, ya ce ƙuli-ƙulina ya karya masa haƙori. Ba wadda ta tanka. Da Juma'a ta zagayo shi da kansa ya ce, "Mun tuba. A faɗi farashi."

Bayan la'asar aka zauna, kowa da wayarsa a inda yake. Na ce ni da Mai Waina ne bakin amarya, Direba da Malam bakin ango, saura su saurara. Malam ya fara da cewa zai yi wa amarya addu'a ta musamman. Mai Waina ta ce addu'a wajibinsa ce, ya kawo abin taunawa. Direba ya ce ya ba amarya kujerar gaba kyauta duk ranar da za ta birni.

"Motar da sai an tura? Amarya za ta sauka ta tura ke nan?"

"To me kuke so?"

"Ragon nan na hoto."

Sai ga ango, wanda aka ce ya yi shiru, ya faɗo ciki: "A'a, a'a, ban da wannan!"

Aka yi ta dariya, har maigidana da yake alwala ya tambayi abin da ya faru. A ƙarshe aka tsaya a kan goro, da alewa, da kwalbar turare, da kaza, Direba zai kai da hannunsa. Kafin a tashi na ƙara sharaɗina. Na ce ango nasu ne, su ja shi yadda suke so, hantsi ne, kumatu ne, duk na yarda. Amma wasa ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ba a ɗaga labule. Direba ya ce ya ji, kuma tun daga lokacin bai sa na goge masa saƙo ba.

Ranar Asabar da azahar ya sa hoton kayan a kan tabarmarta, kazar a ɗaure tana harararsa. Muka jira. La'asar ta wuce. Ina wanke kasko ina duban taga, domin in wannan bai yi ba, ba ni da wata dabara. Can sai wayar ta yi ƙara a kan taga.

Amarya ce, ta yi sallama a hankali. Ta yi godiya, ta ce kazar ramammiya ce amma an karɓa. Sannan ta ja numfashi ta ce:

"Ina da ƙara. Ku zo ku yi wa mutumin naku magana. Akwai wata baƙar tukunya ta zamanin gwauranci da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Na ce a jefar da ita, ya ce tare suka sha wahala."

Zauren ya kece. Ango yana rantsuwa tukunyar tana da albarka, Direba yana cewa a kawo ta a yi mata ritaya, Malam yana neman a raba gardama da adalci. Ranar ban kula da lokaci ba sai da aka kira isha, na ce kowa ya tafi.

Tana nan a zauren har yau. Ba ta sake kiran sunansa ba, kuma ba za ta sake ba, mutumin naku take cewa, mu ma duk mun koma ce masa haka. Akwai ranakun da ake jansa ta yi shiru abinta, mun kuma san tana ji tana murmushi. Ta yi ƙawaye a garin, ɗinki ya karɓe ta, amma da hantsi in ta gama shara takan leƙo ta ajiye masa magana ɗaya ta koma.

Kai mai karatu, ko ke, na san akwai irin wannan zaure a wayarka. Abu ɗaya nake roƙo. Yau kafin magariba ka buɗe shi, ka duba waye yake saurare ya daina magana, musamman wadda ta yi aure kwanan nan. Kada ka tambaye ta a gaban jama'a. Ka kira ta ita kaɗai, in kuma da hali ka sa ƙafa ka je.