Farantin Kwaɓa Fulawa

A shekarata ta biyu a Alƙahira, lokacin da 'yan sanda suka yi wuyar gani a titi, wani mai gyaran waya a ƙasan benenmu na unguwar Ainu Shams ya sa ni a gaba. Da farko magana ce. Daga baya ya koma jirana a matattakala, yana kai hannu. Na sa niƙabi, na sauya lokacin dawowa, duk a banza. Ban gaya wa kowa ba, don tun a gida Baba ya ja mini kunne: ranar da ya ji sunana a bakin mutane, karatu ya ƙare. Ɗalibai 'yan ƙasarmu kuwa, labari ba ya kwana a bakinsu.

Abokiyar zamana 'yar Punjab ce, daga Pakistan, siririya mai tsiwa. Ita ta lura na daina cin abinci, ta tsare ni sai da na faɗa.

Ta ce a ƙauyensu ɗan mai gonaki ya taɓa lalata wata yarinya, maza suka yi gum. Sai matan ƙauyen suka ɗauko farantan da suke kwaɓa fulawa, suka zauna a ƙofar gidansu suna bugawa har aka fito da shi. A nan mahaifiyarta ta rasa haƙora biyu.

"Don Allah, ukhti, ki rufa mini asiri," na ce. "Mu ba ma haka."

Wata Talata bayan azahar mai gyaran wayar ya tare ni tsakanin hawa na biyu da na uku, ya riƙe mini hijabi. Sai na ji ƙarar ƙarfe daga sama. Abokiyar zamana ce, ba ko takalmi, tana dukan farantinta da ludayi. Wallahi a lokacin ƙarar ta fi mutumin ba ni tsoro. Ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa Bamisiriya ta fito da tukunya, sai wata, sai wata. Ya sake ni ya gudu.

Kwana huɗu ina kallon wayata kamar kunama. A na biyar Baba ya kira. Bai tambayi lafiyata ba.

"Ki haɗa kayanki."

Ranar da zan tafi, abokiyar zamana ta cusa mini farantin a akwati tana kuka. Da tasi ta ɗauke ni na waiwaya. Yana zaune a shagonsa, yana gyaran waya.