Gurasa Mai Yatsu Uku

Idan ana zancen masu taurin kai a garinmu Siwa, ni dai da Umran nake farawa. Ina da bakin faɗa kuwa, domin shekara talatin da ɗaya ke nan muna zama gwiwa da gwiwa a gindin dutsen Dakrur muna gutsuttsura gurasar bikin Siyaha. Gajere ne mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar ana jan turmi a ƙasa. Hawan dabino ne sana'arsa. Ka rufe masa ido ka miƙa masa ƙwaya ɗaya, zai faɗa maka lambun da aka yanko ta, ya ƙara maka da cewa mai lambun rago ne wajen ban ruwa. Ran da ya fara hawa, yana ɗan shekara goma, sulluɓowa ya yi. Yayarsa Mabruka ce ta tare shi da hannu biyu, yatsanta na tsakiya ya karye, ya kuma warke a karkace. Shi ko ƙwarzane bai yi ba.

Duk shekara idan aka gama yankan dabino, wata ya cika, sai mazan gari su koma dutse kwana uku. Kowane gida ya aiko da kwandon gurasa, mu gutsuttsura mu cakuɗa, masu tukwane su kwarara romon nama a kai, a ɗora shinkafa da tsoka. Fatta ke nan. A ido ba wani abin a zo a gani ba ne, amma wanda bai ci ta a zaune a kan yashi ba, hannu goma a faranti guda, bai san daɗinta ba. Ana cakuɗa gurasar ne don kada kowa ya zaɓi ta gidan da zai ci. Mun taso mun tarar cewa wanda ka ci gurasar gidansa a ranar nan, gabarku ta ƙare, ko ranka ya so ko bai so ba.

Umran kuwa gabarsa ɗaya ce a duniya, kuma da Mabrukar nan ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A kan bishiyar dabino guda, wadda ya faɗo daga kanta ɗin. Mahaifinsu ya shuka ta a kan iyakar lambu biyu, ya rasu bai ce ta wane ce ba. Umran ya ce saiwarta a gefensa take. Mabruka ta ce kanta gefenta ya karkata, kuma ita ba ta taɓa ganin mai cin saiwa ba. Magana ta yi tsami, ya rantse ya bar taka ƙofar gidanta. Shekara tara shi bai hau bishiyar ba, ita ba ta sa an hau ba, dabinon ya nuna ya zubo da kansa.

Da da namiji yake rigimar, da tuni dattawa sun zaunar da su a faranti ɗaya an wuce wajen. To mata ba sa hawa dutse, gurasarsu ce ke zuwa. Ta Mabruka kuma ba ta ɓuya, irin ta mahaifiyarsu ce: habbatus sauda a ciki, da shatin yatsu uku a tsakiya.

A shekara ta uku da fara gabar na kama shi. Na ga da ya hango yatsu uku sai ya faki ido ya cilla gurasar cikin kwandon da za a kai can ƙarshen fili, ko kallon kirki bai yi mata ba. Sannan ya cika faranti ɗaya da hannunsa, ya bi shi da ido har inda aka ajiye, ya je ya zauna a nan.

Na ce, “Umran, me kake warewa?”

Ya ce, “Ƙonannu.”

“Ƙonannu masu yatsu uku?”

“Bakrin, ka yi aikin gabanka. Tun safe rabin kwando ka yi, sai surutu.”

Abin ya ba ni haushi, ba na ɓoyewa. Mutum yana zaune a tsakiyar bikin sulhu yana yi wa sulhun zamba da hannunsa. Amma abokina ne, na yi shiru. Shekara shida na riƙe maganar nan, wanda ya san cikina kuwa ya san na yi ƙoƙari. Bana dai ta kuɓuce mini. Muna shan shayi da matata Galiya bayan la'asar, ban san lokacin da na kwashe na faɗa mata ba. Ta ce, “Ashe?” Ta ƙara mini shayi. Washegari na ga ta yafa mayafi ta fita, ta ce za ta aro rariya.

Ranar biki muka isa da hantsi, amalanken jakai suna ta sauke kwanduna. Ƙamshin romo ya riga ya cika fili, ga ƙurar mutane, ga masu gaisawa suna rungumar juna. Umran ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya buɗe kwandon farko. Yatsu uku. Ya ture shi gefe da ƙafa. Ya buɗe na biyu. Yatsu uku. Na uku, na huɗu, na goma, duka yatsu uku, duka habbatus sauda. Matan unguwa kaf sun gasa irin gurasar mahaifiyarsa.

Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa a kan aikina kamar ba ni a wurin.

“Bakrin.”

“Na'am.”

“Kwandon nan na gidanka ne. Yaushe Galiya ta koyi yatsu uku?”

“Wallahi ni rariya aka ce mini za a aro.”

“Allah ya isa tsakanina da bakinka.”

Sauran masu gutsuttsurawa, waɗanda matansu suka riga suka tsegunta musu, suka riƙa dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, “Baba Umran, yau gurasar gari duka ta ƙone ko?”

Yanzu fa ya shiga tsaka mai wuya. In ya naɗe hannu ya ƙi ci a gaban jama'a, ya nuna yana gaba da gari duka ke nan, kuma wannan abin kunya ne da zai bi shi har kabari. In ya ci, bai san ta wa zai haɗiye ba. Ya ja tsaki ya ce, “Ko cikin dubu ce zan gane tata.” Ya fara ɗaukar gurasa ɗai-ɗai, ya shinshina, ya juya, ya ɗaga ta sama yana duba shatin. Abin da bai yi ba shekara tara, yau dole ta sa shi yi: ya tsaya ya kalli gurasar.

A wani ƙaramin kwando mai bakin shuɗi ya same ta. Na san ya same ta don hannunsa ya tsaya cak. Shati biyu a miƙe, na tsakiyan a karkace. Ya sa babban yatsansa a cikin gurbin yana shafawa a hankali.

Na ce, “Ga kwandon ƙonannu can.”

Ya ce, “Rufe mini baki.”

Ya jawo farantin da zai ci a ciki, ya gutsuttsura ta a nan. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗauki ta uku, har kwandon ya ƙare.

Da azahar aka ɗauko farantai a ka, layi guda daga wurin tukwane har ƙarshen fili. Aka ajiye, kowa ya zauna, romo yana tururi, tsoka tana kallonka kana kallonta, ba mai taɓawa sai shehi ya yi kira daga saman dutse. Jiran nan ya fi azumi wuya. Da muryarsa ta sauko da bisimilla, hannaye suka faɗa lokaci ɗaya. Umran ya yi loma, ya tauna ya daɗe.

Ya ce, “Gishiri ya yi yawa. Hannunta da nauyi tun tana yarinya.”

Ya ƙara loma. Bai bar farantin ba sai da ya ga gindinsa. Daga nan ya je wurin masu tukwane ya sa aka cika masa kwano, ya zaɓi tsoka mai taushi da kansa, ya rufe da mayani ya ce in ɗaura wa jaki amalanke.

A ƙofar gidan Mabruka na tsaya a kan amalanke, shi ya yi sallama ya shiga. Katangar ba ta da tsawo, kuma dukansu biyu Allah bai ba su ƙaramar murya ba.

Na ji ta ce, “Wane baƙo ne wannan? Kamar na san gajartar nan.”

“Yaya, fatta na kawo miki.”

“Ajiye. Ka rame. Zauna nan, tagella ta kusa.”

Tagella dabino ne da gari da man zaitun, a tuƙa a kan wuta har ya kama jikinsa. Tun yana yaro Umran zai iya barin nama saboda ita, kuma shekara tara bai sa ta a bakinsa ba, wai ba wanda ya iya. Ƙamshinta ya tsallako katanga ya same ni har kan amalanke.

Ta ce, “Duk ranar biki sai na tuƙa ta, in ajiye rabonka, jikoki su cinye da yamma.”

Sai na ji ƙarar cokali.

“Da wane dabino kika yi?”

“Wanda ya zubo daga bishiyar Baba. Ba naka ba, ba nawa ba, na ƙasa.”

“Shi ya sa nake jin yashi. Baɗi ni zan hau in yanko.”

“To a gefen wa za ka sauke?”

“A tukunyarki, Yaya.”

Ban ji amsarta ba, sai dariyar mata da ta tashi daga ciki, har da ta Galiya, wadda ashe tun safe tana can. Jim kaɗan aka miƙo mini kwano ta bayan ƙofa, cike da tagella mai zafi, aka ce in ji Mabruka, ladan baki ne.