Gurasar Gidan Rahila

Kwana huɗu Kaka ta yi ba ta sa komai a baki ba sai ruwan zamzam da kurɓin shayi. Likita a mustashfa, wato asibiti, ya ce ciwon ƙirjin ya sauka, ba abin da ya hana ta cin abinci sai ita kanta, kuma in Alhamis ta zo ba ta ci ba, za su mayar da ita gado su zira mata roba ta hanci. Umma ta dama kunun gyaɗa, ta yi farfesu, ta aika har unguwar Aƙiƙ aka sayo shinkafa da nama. Kowanne Kaka ta dube shi, ta juya fuska bango. Sai a rana ta huɗu ta buɗe baki.

"Ni gurasar gidan Rahila nake so."

Umma ta waiwayo ta kalle ni. "To, Bashir, kai ka karanta ilimin abinci a jami'a, kai ne kuma ka zauna ka ji labarin Hajiya. Yalla, ga madafa can."

Gaskiya ne na ji labarin, ko in ce na sha shi har ya gundure ni. A tsohon gidanmu na unguwar Sih a nan Madina, in sanyi ya shigo, Kaka kan sa a hau mata da kaskon gawayi soro bayan magariba. Ta ɗora butar shayi, ta jefa na'ana'a, mu jikoki mu kewaye ta da barguna har a kira isha'i. Sauran yara Gizo suke so. Ita kuwa in iskar ta kaɗa ta, sai ta ce, "Ga ta nan gare ku, amma yau Gizo ya tafi hutu, tawa ce." Nan take ƙannena za su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, suna gunaguni da Larabci. Ni ne kullum nake saura. Ba don na fi su son labari ba, ina jin dai tsoro nake kada ta ji haushi.

Kuma Kaka ba ta san hanya miƙaƙƙiya ba. Za ta ɗauko labarin daga Omdurman, ta koma Fashir ta binne wani jaki, ta tsaya ta yi faɗa da wata mata da ta mutu tun kafin a haifi Babana. In na ce, "Kaka, to gurasar fa?" sai ta ce, "Maigida, kai alƙali ne? Sha shayinka."

Idan na tattara abin da na ji, na cire jakin, ga yadda yake.

Suna kan hanyar zuwa hajji da ƙafa, guzuri ya ƙare musu a Sudan. Kakanmu ya tafi tsinkar auduga, ya bar ta a Omdurman da goyon Babana. Ta sami aikin girki a gidan wata Bayahudiya mai suna Rahila, aka ba ta ɗan ɗaki kusa da madafa. Gida ne na wadata, in ji ta, kullum burodi mai laushi, kullum nama.

Rannan sai gidan ya birkice. Aka yi mako biyu ana shara, ana kankare tukwane, ana zazzage aljihun riguna. Aka fitar da garin alkama kaf, aka ƙone guntayen burodi a tsakar gida. Daga nan aka shigo da wata irin gurasa, siririya, busasshiya, in ka karya ta sai ta yi ƙara kamar ɓawon itace. Ita ce safe, ita ce rana. Kaka ta ga ƙaramin ɗan Rahila yana tauna yana ɓata fuska, sai ta yanke hukunci: mutanen nan karayar arziki ta same su, suna ɓoyewa.

"Kaka, me ya hana ki tambaya?" Sau da dama na yi mata wannan tambayar.

"In tambaya? Kai ɗan Madina ne, ba ka san komai ba. A garinmu in ka ga murhun maƙwabci ya yi sanyi, ba ka buɗe baki. Kwano kake rufewa ka aika. Wanda ya tambaya ya tona asiri."

Saboda haka ta je wajen wata Bahaushiya a unguwar Takari, ta roƙo gari da ɗan tsamin ƙullu. Ta kwaɓa, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gadonta ya kwana ya tashi. Tun hantsi bai ɗaga ba ta ɗauko kaskon da aka kankare aka keɓe domin wannan mako, ta soya fanke cike da faranti. Ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya tana jiran godiya.

Rahila ta shigo, ta shaƙi ƙamshi, ta ɗora hannu biyu a ka, ta zame ta zauna a ƙasa. Kaka ta ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa, sai ta durƙusa ta ce, "Sitti, uwar ɗakina, kada ki ji kunya. Talauci riga ce, kowa yana sa ta."

A nan Kaka kan yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce Rahila ta yi mata faɗa da harshe uku, ɗaya kawai ta gane. Ashe idinsu ne, kuma a kwanakin idin ba a yarda ko ɓurɓushin ƙullu mai tsami ya kwana a gida ba. Mako biyu na wahala, ta rushe shi da safiya ɗaya. Kaka ta ɗaure 'yan tsummokinta, ta goya Babana, ta nufi ƙofa, ba ta san inda za ta kwana ba. Tana kama mariƙin ƙofa ta ji murya daga baya: "Ya Hauwa! Ina za ki? Wa zai tafasa mini ruwan wanke wannan ɓarnar?"

Aka fitar da fanken waje, Takari suka sha biki. Kaskon ma Rahila ta ce ba ta son sake ganinsa. Suka kankare madafa tun daga sama har ƙasa, rana ta take, yara na kukan yunwa. Sai Rahila ta ɗauko wani kasko, ta ce, "Tunda kin ce ba mu iya cin abinci ba, zo ki gani." Ta kakkarya busasshiyar gurasar, ta jiƙa, ta matse, ta fasa ƙwai a kai, ta soya da man shanu, ta barbaɗa sukari da kirfa. Tana soyawa tana bayani: lokacin da Annabi Musa ya fito da kakanninsu daga hannun Fir'auna, sauri bai bar ƙullunsu ya tashi ba, haka suka gasa shi suka kama hanya. Kaka ta ce, "Au, guzuri ne! Ai da kin faɗa." Suka ci a kwano ɗaya, Rahila ba ta daina harararta ba har suka suɗe.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "kan ɓera ya ƙone a kaskon Rahila." Sai ladan ya kira isha'i, a sauko da wuta.

To, wannan shi ne dukan abin da nake da shi ranar da Umma ta tura ni madafa a shuƙƙarmu, gidan benen da muke zaune yanzu a unguwar Ƙuba. Ba awo, ba lokaci. Na koma ɗakin Kaka da biro da takarda.

"Ƙwai nawa?"

"Gwargwadon gurasar."

"Gurasar nawa?"

"Gwargwadon yunwar."

"To, minti nawa ake jiƙawa?"

"Ƙulhuwallahu uku."

Na so in tambaya ko karatun wa, domin nata ƙulhuwallahun da na limamin unguwarmu ba tsawonsu ɗaya ba. Na ga idonta ya fara rufewa, na haƙura.

A nan, ina tsammani, na yi abin da bai kamata ba, ko da yake har yanzu ina ganin ina da hujja. Kaka tana da ciwon sukari, haƙoranta kuma sun ƙare. Na sauka baƙala, shagon da ke ƙasa, na sayo burodi mafi laushi, na cire ɓawon, na ɗauki farin ƙwai na zubar da gwaiduwa, na shafa ɗigon man zaitun, sukari kuwa ko ƙwaya. Na kai mata ina jin kaina likita.

Ko taɓawa ba ta yi ba. Ta sunsuna, ta ce, "Wannan burodi ne mai tashi. Maigida, an sake ka. Kwashe."

Na koma na duba a waya. Na sami sunan gurasar, matsa, da sunan idin, Idin Ƙetarewa. Ban san inda ake sayar da ita a Madina ba, amma gari ne da ruwa kawai, a murza siriri, a huhhuda da cokali mai yatsu, a gasa da sauri kafin ƙullun ya motsa. Na kunna agogon waya, na murza, na ƙona biyu, Umma na tsaye tana cewa, "Wannan digirin dai, Allah ya sa albarka." Ta uku ta fito. Amma da na ji taurinta sai zuciyata ta karaya. Na jiƙa ta da madara har ta narke, na niƙa, na sa zaƙin roba irin na masu sukari.

Wannan karon ta ɗanɗana da bakin cokali, ta tofar a tafin hannu.

"Wa ya ce ka gyara?"

"Kaka, haƙoranki..."

"Haƙorana sun kawo maka ƙara? Abin da na ce shi za ka kawo. Kai da tausayinka!"

Na fita baranda raina a ɓace. Kwana biyu ya rage Alhamis. Na kira likita, na jero masa fargabata, sukari, man shanu, gwaiduwa, har na fara kawo masa abin da na karanta. Ya katse ni. "Ya ustaz, matar da ta kwana huɗu ba ta ci ba? In ta ce dutse take so, soya mata. Mu za mu kula da sukarin."

Washegari da safe na yi shi yadda yake a labarin. Na kakkarya, na zuba ruwa, na karanta ƙulhuwallahu uku da irin jan da Kaka take yi, na matse, na fasa ƙwai biyu da gwaiduwarsu. Man shanu ya yi ƙara a kasko. Da na zo barbaɗa sukari sai na kau da kai, kada in ga yawansa.

Ta sa aka tayar da ita zaune. Ta ture cokali, ta sa hannu. Ta daɗe tana mamular loma ta farko da dasashi. Ta sake ɗiba. Na ƙirga loma bakwai, Umma ta ce tara, ni dai bakwai na gani. Ranar Alhamis likita ya duba ta, ya ce a bar maganar roba.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Shekara da shekaru na ɗauka labarin na dariya ne kawai, yarinya 'yar ƙauye ta yi wauta a gidan baƙi. Yanzu ina ganin, ko da yake ba zan rantse ba, yana magana ne a kan irin alherin da ba ya tsayawa ya ji. Mutum ya dubi kwanon wani, ya yanke cewa akwai abin da ya rasa, ya cika masa da abin da shi yake so, sannan ya tsaya jiran godiya. Ita Kaka kunya ce ta hana ta tambaya. Ni kuwa an faɗa mini ƙarara, takardar shaida ce ta toshe mini kunne, wanda ina jin ya fi nata muni.

Na tsara wannan bayanin da kyau, na kai mata bayan la'asar, ina sa ran ta ce a ƙarshe jikanta ya gane. Ta saurare ni har na dire, tana jan carbi.

"Duk wannan a cikin gurasa?" ta ce. "Ni abin da na koya a gidan Rahila, a matse ta sosai kafin a sa ƙwai. Taka ta yi ruwa. Gobe ka tashi da wuri, kuma ka ƙara kirfa."