Harbi Biyu Ga 'Ya Mace

Warin albarushi ba ya tsufa. Ko bayan shekara nawa ka shaƙe shi, zai kama hannunka ya mai da kai inda ka fara jin sa. Ni a wani filin ciyawa a bayan garin Lyon ya tare ni, wata Lahadi da hantsi, ina tura 'yata jaririya a kekenta. Wasu Turawa ne masu furfura suka sha kayan sojan zamanin kakanninsu, suna wasan yaƙin da aka gama tuntuni. A gabansu ga 'yan ƙananan igogi a jere, kowacce yaro ma zai iya rungumarta, amma da gaske suke tashi. Ɗaya ta tashi, hayaƙi ya taso fari yana jan ciki a kan ciyawa, sai na ga kaina a Damagaram, ƙarƙashin bishiyar bedi, ƙafata ba takalmi.

Kakana maƙeri ne. Yakan ce iyayensa na da can su suka zuba wa fada manyan igogi, amma shi zamani ya bar masa fartanya da wuƙa. Abu ɗaya ya riƙe na gado: wata 'yar igwa ta tagulla da ya zuba da hannunsa tun yana saurayi, tsawonta bai wuce taƙi biyu ba, a kan ƙafafun katako. A ƙarƙashin gadon kakata take kwana, naɗe cikin tsohon zane. Mu yara mukan leƙa da rana tsaka, lokacin da zafin bazara ya kwantar da kowa, mu ga ƙullin zanen a cikin duhu, mu rantse yana numfashi.

Ranar suna kaɗai take fitowa. Da an shafa fatiha, kafin a kayar da rago, sai kakana ya ɗauko ta ya ajiye a tsakar gida, bakinta yana kallon gabas. Ya goge ta da man gyaɗa har ta yi ja kamar gauta, ya zuba mata albarushi da bakin cokali, ya tura tsumma, ya danna da sanda a hankali yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Mu kuma mun toshe kunnuwa tun ba a kawo garwashi ba. In ta tashi, tattabaru su watse daga kan soro, awaki su tsinke igiya, kakata ta rangaɗa guɗa. Hayaƙin yakan daɗe a tsakar gida, musamman da damina in iska ta yi nauyi, ya maƙale a ganyen bedi kamar ba ya son tafiya.

Namiji harbi ɗaya ake yi masa, mace biyu. Na taɓa tambayar kakana dalili, don abin ya tsaya mini a rai.

"Namiji a gidan nan zai tsuhwa, ji ɗaya ya ishe shi," in ji shi. "Mace tahiya za ta yi. Na biyun guzurinta ne."

Kakata kuwa ba ta da dogon bayani. A wurinta, ɗan da igwa ba ta tashi a kansa ba baƙo ne, ko da ya yi gemu a gidan.

Na girma, karatu ya kawo ni Villeurbanne, a gefen Lyon, aiki ya zaunar da ni. Kakana ya rasu ina nan, maƙerar ta mutu, aka mai da ita shagon cajin waya. Bayan wani lokaci kawuna, mai aikin sauke kaya a kasuwar Rungis da ke gefen Paris, ya dawo daga gida ya kira ni in hau jirgin ƙasa in zo Paris. A bakin titi a Porte de la Chapelle ya miƙo mini ƙunshi mai nauyi, yana warin kilishi da yaji. Tsohon zanen nan ne. "Tsohuwa ta ce a ba ka," ya ce, "ni dai na sauke nauyi." Na kawo igwar gida na ɗora a kan kantar falo, ta zama kayan ado. Ina zan harba igwa a bene, a ƙasar da ko turmi ka daka sai maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa?

Da aka haifi 'yata na sa mata sunan kakata. Na kira tsohuwar in yi mata albishir. A lokacin idonta ya tafi, ba ta ƙara tashi daga tabarma, sai dai bakin yana nan yadda na san shi.

"Maigidana, an ce an yi mini takwara. To, ni ban ji ba."

Na ce ai ga shi ina faɗa mata.

"Bakinka na ji. Igwa ce ban ji ba."

Na yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Duk Juma'a in na kira, takan tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan yarinyar sai ta ce, "Ina baƙuwar?" Muryarta kuma kullum ƙara sirancewa take yi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, kada ta tafi 'yata tana baƙuwa a bakinta.

Shi ya sa a wannan Lahadi ban wuce ba. Na jira suka gama yaƙinsu, matattu suka tashi suna kakkaɓe wando, na tunkari wani dattijo mai farin gashin baki da na ga shi ke kula da albarushi. Na ba shi labari. Ban san ko ya fahimci rabinsa ba, amma ya ce in kawo igwar ya gani. Na kai masa, ya riƙe ta a wurinsa ya duba cikinta da fitila, ya gwada ta shi kaɗai daga nesa, sannan ya kira ni ya ce tsohuwar igwar tana da sauran ƙarfi.

Ranar da muka koma filin, raɓa ba ta bushe ba. Matata ta tsaya can nesa da yarinyar, ta rufe mata kunnuwa da tafin hannu. Na juya bakin igwar gabas da kaina. Na kira gida, ƙanwata ta kara wa kakata waya a kunne, ni kuma na ɗaga tawa sama. Dattijon ya sa wuta.

Ta tashi. Muryar nan ce, ba ta sake ba, gajera mai kauri. Tsuntsayen da ban san sunansu ba suka watse. Turawan suka tafa, dattijon ya fara naɗe kayansa. Na kai waya kunne, shiru. Na kira sunan ƙanwata, shiru. Can sai na ji numfashi, sannan muryar kakata, siririya amma da faɗa a cikinta:

"Me kuke jira? Ba mace aka haihwa ba?"

Na riƙe hannun dattijon, na ɗaga masa yatsu biyu, don Faransancin ya gudu daga bakina. Ya sake ɗura ta. Da ta tashi karo na biyu, sai guɗa ta fito daga cikin wayar, tana rawa, tana yankewa, tana dawowa. Na tsaya cikin hayaƙi ina hawaye a gaban mutane da hulunan soja, ban ji kunya ba.

"A gaishe mini da 'yar gida," ta ce.

Kakata ba ta ga damina ta gaba ba. Igwar ta koma kan kanta, ina goge ta da man gyaɗa, 'yata tana leƙenta daga ƙasa yadda muke leƙen ƙarƙashin gado. Wani lokaci in na tsaya a taga ina kallon taragon lantarki yana wucewa cikin ruwan sama, nakan tuna lissafin kakana. Ƙanwata da aka yi wa harbi biyu tana nan a unguwarmu, ita ta rufe wa tsohuwa ido. Ni da aka yi wa ɗaya, ni ne na yi tafiyar, kuma ba guzuri.