Bama ko Ba Ma

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, ranar Juma'a, kasuwar Wudil ta fara watsewa. Na san lokacin domin baffana yana da agogon hannu da ya dawo da shi daga yaƙin Bama, ƙasar nan ta ƙetaren teku. A ƙofar gida akwai shi, da kakata, da mahauta uku, da ni. Har yau in na ji kukan kukuma, wannan zaman nake tunawa.

Bari in bi da kai daki-daki. Da farko, dagacinmu ne ya tara samari aka kai su yaƙin Turawa. Baffa ya je, ƙaninsa ya je, Baffa kaɗai ya dawo. Bayan shekaru, da aka fara siyasa, dagacin nan ya sake aiko wa tsofaffin sojoji cewa su fito da sanduna su tarwatsa taron 'yan adawa. Ranar Juma'ar nan ce saƙon ya iske Baffa. Kukumarsa ya ɗauko, ya rera:

"Mai rawani na inuwa, mu muna daji,
Da ya ce mu je, Bama.
Yau ya ce mu zo, ba ma."

Mahautan suka yi ta dariya. Kakata ba ta yi ba. Ni kuwa na kasa gane abin dariyar, don kunnena kalma ɗaya ya ji sau biyu.

Kafin magariba ɗan doka ya zo ya tafi da Baffa da kukumarsa wurin dagaci. Aka ce in ta tabbata zambo ne, za a fasa kukumar, a tura Baffa kurkuku a Kano. Kakata ta yafa mayafi ta bi su, na bi ta.

Dagaci ya sa aka sake rera waƙar a gabansa, sannan ya tambayi ma'anar kalmar ƙarshe.

Baffa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, sunan ƙasa ne. Ai kai ka tura mu can."

Dagaci ya daɗe yana kallon kakata, wadda ta ba shi 'ya'ya biyu aka mayar mata da ɗaya. Daga baya ya ce a ba mutumin nan kayansa ya tafi. Ba a ƙara aiko wa gidanmu batun sanda ba.

Sau uku na tambayi Baffa wanne yake nufi. Kullum sai ya ce in je in wanke kunnena.

Yanzu jikokina suna kunna waƙoƙi a waya kan 'yan bindiga da masu mulki, suna faɗin komai ƙarara. Ban hana su ba. Amma da na zo rubuta waƙar Baffa, sai da alƙalami ya tilasta mini raba kalmar da shi bai taɓa yarda ya raba ba. Abin da dagaci ya kasa sa shi yi, ni na yi.

Don haka ina roƙonka, mai karatu: kada ka karanta baitin nan da ido. Ka rera shi da baki, a gaban wani dattijo, ka bar shi ya ji wanda ya ji.