Na Jira Talabijin Ya Yi Mini Magana da Ɗana

A shekarun da Jega take cikin jihar Sakkwato, ni dillalin albasa ne. Na haura hamsin, matata ta rasu, 'ya'yana sun girma. Mutum ne ni mai son komai ya bi tsarinsa. Kamar yadda na gada, ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, ban taɓa zaman hira da shi ba. In da magana, ƙannensa nake aikawa.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Mungadi da mijinta ya rasu, tana tuyar masa a kasuwar Aliero. Da farko ciniki ne, sannan gaisuwa, sannan na faɗa mata nufina. Ba ta ƙi ba, amma ta kafa sharaɗi: sai babban ɗana ya yarda, don ta ce ta tsufa da shiga gidan da za a riƙa ɗaure mata fuska. In ba haka ba, da an cire albasa za ta koma wurin yayanta a Maiyama.

To ta yaya uba zai yi wa ɗan fari maganar so? Ana cikin haka aka fara wani wasan kwaikwayo a talabijin, na wani tsoho mai neman auren wata tsohuwa, 'ya'yansa sun ƙi. Ni kaɗai ke da talabijin a layinmu, duk mako a fito da shi ƙofar gida a haɗa da batirin mota, unguwa ta taru. Sai na tsara abina: zan zauna a gefe in karanci fuskar ɗana. In ya tausaya wa tsohon, in aika masa. In ya yi dariya, in dakata.

Ya yi dariya. Kowa ma ya yi. Mahaucin layinmu ya ce tsohon nan bakinsa ba haƙori amma zuciyarsa ta saurayi ce. Wani direba ya juyo ya ce Alhaji a yi hattara, ciwon nan masu farin gemu yake kamawa. Ba damar in tashi, ni ne mai gida. Ba damar in kashe, a ce abin ya taɓa ni. Haka na zauna mako bayan mako ina murmushin dole. Na ce bari in ga ƙarshe, in 'ya'yan tsohon suka sauko, nawa ma zai sauko. Duk ranar kasuwa sai mai masar nan ta dube ni, in ce mata saura kaɗan.

Aka cire albasa, wasan bai ƙare ba. Na je kasuwa na tarar da wata a gaban tandar. Daga baya na ji an ɗaura wa 'yar Mungadin aure a can Maiyama.

Bayan shekaru autata take gaya mini cewa yayansu ya san komai tun farko, direbobi sun faɗa masa. Har ya sa an yaɓe ɗakin da amaryar za ta zauna, yana jiran saƙona, kunya ta hana shi farawa. Dariyar kuwa, gudu yake yi kada ya ɗaure fuska in zaci ƙi ne.

Ban ce a bar kunya ba, tarbiyya ce. Amma na koyi cewa ba a karanta zuciyar ɗa a fuskarsa. 'Yan'uwana dattawa, in bakinku ya yi nauyi, ku nemi aminin da zai kai maganar tun mai jiranku ba ta gaji ba. Ni da ɗana kullum muna sallah a sahu ɗaya, amma magana ɗaya ta gagare mu.