Hannun da Ke Shafa wa Itatuwa Shuɗi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar ƙafa ta dajin bakin rafi a garinmu, nan jihar Maine, ya bi hannun Verna Thibodeau ko da bai san ta ba. Ita ce mai shafa wa itatuwa shuɗin fenti, ɗan fili kamar tafin hannu, daidai idon mutum, don mai tafiya ya san bai saki hanya ba. Aikin sa kai ne. Ƙungiyar da ke riƙon dazuzzukan bakin koginmu ta ba ta gwangwani da buroshi, ita kuwa ta ɗauki abin da zafi.

Dajin dama na ubanta ne. Da ya rasu, masu gina gidajen hutu suka yi ta yi mata zarya, ta ce ruwan da garin nan ke sha daga wurin yake gangarowa, ba mai haƙa masa masai a ka tana numfashi. Ta miƙa wa ƙungiya. Mijinta Alden, tsohon mai sarar itace, shi ya buɗe hanyar farko da gatarinsa. Ita kuma a makarantar firamare ta yi girki har ta ajiye aiki, rabin garin nan sun ci wakenta sun sha faɗanta. Ni Rhoda, gidana na kallon nata, na sha nawa rabon.

Sai tsufa ya fara taɓa kan Alden. Ya sa takalmi a firji, ya tsaya a ƙofa yana kiran karen da ya daɗe da mutuwa. Hanyar daji ce kaɗai bai manta ba. Kullum da ya sha kofi sai ya fita, ya bi shuɗi, hanyar ta zagaya da shi ta ajiye shi a ƙofar bayan gida. Verna ta ƙara yawan alamun saboda shi, har wani ɗan birni a kwamitin ƙungiya ya ce ta wuce ƙa'ida.

Ta ce, "Yaro, lokacin da na fara fentin nan kana tsotson yatsa. Je ka gyara takardunka."

Bara biba suka shigo, dabbobin nan masu datse rafi da itace. Ruwa ya taru ya shanye gadar katako da ke ƙasan hanya, wurin ya zama tafki mai taɓo. Ƙungiya ta ce a karkatar da hanya ta kan tudu, kuma gaskiyarsu ce, ko ni mai jin haushinsu na yarda. Idan an sauya hanya, akan rufe tsofaffin alamu da fenti ruwan toka, kalar ɓawon itace, kada wani ya bi. Verna ta yi wannan da hannunta, bishiya bayan bishiya, ranar da Alden ke wurin likita. Ta zaga da shi sabuwar hanya har sai da ta ga yana binta shi kaɗai.

Aka shiga Nuwamba, lokacin farautar barewa. A watan nan ko wanki za ka shanya sai ka sa hula ruwan lemo don mafarauta su gane mutum ne, karnuka ma ɗaura musu ƙyalle ake yi. Ƙungiya ba ta hana farauta a ƙasan tafkin ba, kuma 'yan nesa ke zuwa, irin masu harbin duk abin da ya motsa.

Ran wata Asabar da hantsi ina wanke kwanuka, Verna ta faɗo min kicin ba sallama. Hular Alden ce ruwan lemon nan a hannunta.

"Rhoda, ya fita. Ga hular a rataye na same ta."

"Da wace riga?"

"Ruwan ƙasan nan, ta aikinsa."

Rigar nan kalarta kalar barewa sak. Ban ko goge hannu ba, na fizgi tawa hular muka fita. Ba mu kai bakin daji ba muka ji ƙarar bindiga daga ƙasa. Verna ta tsaya cak, ta kama hannuna har na ji farcenta.

Na ce, "Can nesa ne, tsallaken kogi."

"Ƙarya kike yi, Rhoda, kuma kin sani."

Ƙarya nake yi kuwa. Muka yi ta sauri muna ƙwala kiransa, tsofaffi biyu da gwiwoyin da ba su da kirki. Fatana ɗaya, mu hango shi a kan tudu yana tafiyarsa ta agwagwa. Da muka isa inda hanya ta rabu biyu, Verna ta saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

Bishiyar farko ta tsohuwar hanya, shuɗinta ya dawo. An kankare ruwan tokar da wuƙa, tsaf, ɓarɓashin fenti na zube a kan ganye. Ta gaba ma haka, da ta gabanta, har iya ganin ido, shuɗi na gangarawa wajen tafki. Wasu kankarar ta bushe ta yi duhu, ba ta yau ba ce. Ashe duk safiyar da muke zaton yana kan tudu, nan yake zuwa yana gyara hanyarsa, kullum yana ƙara matsawa ƙasa.

Bindiga ta sake tashi, wannan karon har na ji ta a haƙorana. Verna ta cire kunya da tsufa ta ajiye, ta ruga tana ihu, "Mutum ne! Kada ku yi harbi, mutum ne a nan!" Ni ma na ɗauka. Ƙaya na yagar mana wando, ba wadda ta kula.

Muka hango shi. Yana tsaye a cikin ruwa har gwiwa, ya sunkuya jikin wata matacciyar bishiya yana kankara. Farin hankicinsa na leƙowa daga aljihun baya, kuma duk ɗan garin nan ya san abin da fari a bayan abu mai ruwan ƙasa yake kama da shi: wutsiyar barewa. A tsallaken tafkin, cikin ciyawa, na hango wani ɗan abu ruwan lemo. Wani mafarauci ne, bindiga a kafaɗa, bakinta na kallon wajenmu.

Verna ta faɗa ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, tana kaɗa hular sama. Ni kuwa na tsaya a bakin ruwan ina kiran sunan Allah. Mutumin ya daɗe bai motsa ba, ko kuwa ni ce na ga daɗewar. Can ya sauke bindigar, ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kansa da hannu biyu.

Ta isa wurin Alden ta cafke rigarsa. Leɓunansa sun yi shuɗi don sanyi, wuƙar na hannunsa.

"Tsohon banza mai taurin kai! So kake ka kashe ni?"

Ya ɗago ya dube ta a natse, irin kallon da yake yi wa baƙin da suka tambaye shi hanya. Ya ɗan taɓa goshi don girmamawa.

"Baiwar Allah, yi hankali, akwai zurfi nan. Don Allah idan kin fita, ki biya gidan farko ki gaya wa matata Verna, wani mugu yana goge mata aiki. Ki ce kada ta damu, na kusa gamawa."

Bai taɓa rasa gane ta ba sai ranar. Ta miƙa hannu ta sa masa hular, ta ja ta har kan kunnuwansa, ta zare hankicin ta cusa a aljihunta.

"Zan gaya mata," in ji ta. "Zo ka nuna min gidan, ni baƙuwa ce."

Ya ba ta hannu, ya jawo ta daga ruwan a hankali, yana nuna mata shuɗin da ke jikin itatuwa.